Tambayi Likita: "Na sa ta faɗa min komai, ba ta sake dawowa ba"

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙo uku na ɗauko wannan satin, na farkon ne ya cinye min fili, masu tambaya a kan hawan jini da suga ku yi min afuwa sai sati na sama.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Cif, dan Allah a sakaya sunana. Ni likita ce, shekarata 2 da gama bautar ƙasa, ina aiki a wani asibiti a gefen Kaduna inda mutanen ƙauyukan hanyar Birnin Gwari ke yawan zuwa. Akwai wata mata da ta zo min sau huɗu cikin wata biyu, kullum ciwon kai, faɗuwar gaba, ƙirji kamar an ɗora mata dutse, barci kuwa babu shi. Na yi gwajin maleriya, na yi na taifod, na auna jini, in ba ta magani ta tafi ta dawo. A zuwa na huɗu muna cikin magana wani ya murza mashin a bakin taga, wallahi Cif kafin in ɗago kai matar nan ta shige ƙarƙashin teburina tana karkarwa, ta toshe wa yaron da ke hannunta baki. Sai a lokacin ƙanwar mijinta ta ce min ai ta yi kwana arba'in da wani abu a daji hannun masu garkuwa. Na rufe ƙofa na ce ta faɗa min duk abin da ya faru kar ta ɓoye komai, don na sha jin ana cewa in mutum ya amayar da abin da ke cikinsa yana samun sauƙi. Ta faɗa, ta yi kuka nima na yi, ga layi a waje ana ta buga ƙofa, sai na rubuta mata diyazifam, maganin kwantar da hankali da sa barci, na ce ta dawo bayan sati. Yau wata uku ban sake sa ta a ido ba, abin yana cina sosai. Ina so in koyi aikin nan yadda ya kamata. Na ga talla a WhatsApp na wani kwas na kwana 3 ta intanet wai ana ba da satifiket na ƙwarewa a jinyar firgici, in biya? Ko dole sai na shiga rasidansi, wato horon zama ƙwararriyar likita, a ɓangaren ƙwaƙwalwa? A gida kuma Hajiyarmu ta ce ita ba ta haifi likitan mahaukata ba.

Wata ƙanwarki, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikis salam ƙanwata. Ki sassauta wa kanki, ko ba komai ke kin tsaya kin dubi fuskarta, da yawanmu maganin maleriya na biyar za mu rubuta mu ce na gaba ya shigo. Amma tunda Cif kika kira ni bara in yi miki maganar Cif. Abin da kika yi kamar tsaga ƙurji ne ba ki tanadi auduga da bandeji ba, kika kuma sallami mai shi cikin ƙurar hunturu.

Mai wannan ciwon, wanda a folda muke rubuta PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, ba tuna abin take yi kamar yadda ni da ke muke tuna bikin bara ba, komawa cikinsa take, ƙarar mashin ɗin nan a wurinta daren da aka kwashe su ne ya dawo, shi ya sa hannunta ya kai bakin yaron tun kafin ta yi tunani. Kin kama hannunta kun koma dajin, kun kai tsakiya sai aka buga ƙofa. Kuma ɗaya daga cikin manyan alamun ciwon shi ne gudun duk abin da zai tuno da lamarin, to kinga ofishinki yanzu ya shiga layin wuraren da ake gudu. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya, WHO, ba ta goyon bayan a zaunar da mutum zama ɗaya a tatsi labarin daga bakinsa. Diyazifam ɗin ma, a jagorar da suka fitar a 2013 cewa suka yi kar a ba da danginsa saboda firgici ko rashin barci a watan farko bayan abin ya faru, bayan watan ma ba ya cikin magungunan ciwon, barcin aro yake bayarwa ya bar ki da sabuwar matsala, kin dai san halin da muke ciki da ƙwayoyin nan a unguwanni. In magani ya kama, dangin satralin da fuloksetin ake nufa, su ma a bayan jinyar zama da magana suke a layi.

Kwas ɗin kwana 3 kuwa, in kina da rarar kuɗi da data ki shiga ki ƙaru, amma kar ki rataye takardar a bango ki fara karɓar waɗanda suka fito daga daji. Ke da kanki, za ki yarda wanda ya kalli tiyatar haihuwa kwana 3 a waya ya ɗau wuƙa a kan ƙanwarki? Tambaya ɗaya za ki tura musu: bayan an gama wa zai riƙa duba aikina, kuma mutum nawa zan yi wa jinya a ƙarƙashinsa? In suka fara kame-kame kin samu amsarki.

Doguwar hanyar ita ce rasidansi. Za ki zauna jarrabawar firamaris ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas wadda aka kafa a 1979, ko ta likitocin Afirka ta Yamma, da yawa raba ƙafa suke yi su zauna duka biyun. Sai ki nemi gurbi a asibitin da aka amince masa ya horar, a jiharmu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa da asibitin koyarwa na ABU a Shika, in kin fita akwai na Malam Aminu Kano, akwai Jos, Maiduguri, akwai Aro a Abeokuta. Sai jarrabawar fat wan, sai ta fat tu da rubutun bincike, ki sa a ranki shekara 5 zuwa 6 in ba a samu yajin aiki ko faɗuwa ba, kuma ana faɗuwa fa, nima sai da na maimaita ɗaya. Daɗinta dai kina karatun ana biyanki albashi.

Sai dai abin da ba a cika faɗa ba, rasidansi likitar ƙwaƙwalwa zai mayar da ke, ba shi zai sa ki iya jinyar firgici kai tsaye ba. Saikoterafi, wato jinyar zama da magana, na cikin manhaja, ana tambayarsa a jarrabawa, amma kilinik ɗin da layi ya kai bakin get ba ya barin ki zauna minti 90 da mutum ɗaya, in ba ki tashi kin nema da kanki ba za ki fito kin iya sunayen hanyoyin tsaf ba ki taɓa kai mutum ɗaya ƙarshe ba. Ki manne wa saikolojis ɗin asibitin, wato masana halayyar ɗan Adam, ki ajiye girman kan nan namu na likitoci a mota, su wannan ne karatunsu.

Hanyoyin da aka gwada aka ga amfaninsu ba su da yawa. Akwai CBT, wato jinyar gyara tunani da ɗabi'a, wadda aka keɓe wa firgici, a ciki akwai tsarin Edna Foa na tunkarar abin tsoron sannu a hankali cikin zama 8 zuwa 15, da na Patricia Resick mai zama 12 wanda ke bin tunanin da ya maƙale irin su "laifina ne da na fita gona ranar". Akwai EMDR da Francine Shapiro ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, wanda mutum ke tuno abin yana bin yatsan mai jinya da ido. Waɗannan biyun, CBT da EMDR, su WHO ta ambata a jagorar 2013 ɗin nan. Amma ni wadda ta fi kwanta min a rai saboda irin mutanenmu ita ce NET, jinyar bin labarin rayuwa daki-daki, ta wasu masana na jami'ar Konstanz a Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, don an tsara ta ne saboda wanda masifa ta same shi ba sau ɗaya ba, kuma an gwada ta a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda.

A NET ɗin igiya ake shimfiɗawa a ƙasa, ko ta shanya ce ta wadatar, farkonta ranar haihuwa, ƙarshenta a bar shi a naɗe saboda kwanakin da ke gaba. Duk abin daɗi a aje fure, duk mummuna a aje dutse. Daga nan zama bayan zama ana bin igiyar, in an zo kan dutse a tsaya a shiga cikinsa a tsanake, me kika gani, me kika ji a jikinki a lokacin, yanzu fa da kike zaune a nan me kike ji, ba a tashi sai an fita ta ɗaya gefen, an kai wurin da abin ya wuce. Mai jinya na rubutawa, a zama na gaba ya karanta mata ta gyara, a ƙarshe a ba ta labarin rayuwarta a hannu. Wata baiwar Allah da na taɓa yi wa, ba mu da fure sai na tsinko ganyen darbejiya a tsakar asibiti, ta kalle ni ta ce Likita ai darbejiya ɗaci gare ta, dole na zazzago alawar da ke jakata. Ta sa alawa a ranar saukarta, ta sa a ranar da ta haifi ɗan fari. Da ta ɗauki dutsen da ya fi kowanne girma na ɗauka daren da aka sace ta za ta ɗora wa, ashe ranar da ta dawo gida ce, da ta girka tuwo mijin ya ƙi ci. Da ban shimfiɗa igiyar nan ba da na ƙare wata uku ina jinyar daji alhali ciwon na tsakar gida.

Kin lura duk hanyoyin nan akwai ba da labari a ciki, wato abin da kika yi niyya. Bambancin shiri ne kafin a shiga, da isasshen lokaci, da sanin yadda ake fitowa. Wannan kuma ba a littafi ake ɗaukarsa ba, a gaban babba ake ɗauka, ki yi zaman ki kai masa ya warware miki shi sati-sati. Ko horon farko na EMDR a tsarin ƙungiyarsu ta Amurka awa 50 ne, 10 daga ciki na kai aikinki a duba ne. Malamin da ya koya min, Allah ya saka masa da alheri, na kai masa rikodin zamana na farko da izinin mara lafiyar, ina ta jin kaina, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce ke kin fi ta magana, kuma kin ce "ki yi haƙuri" sau tara, duk inda kika faɗa nan ta yi shiru. Wallahi na ji kunya ranar. Haƙuri kalma ce mai kyau, da ita muka tashi, amma a ɗakin jinya sau da yawa murfi ce, muna faɗinta ne don mu kanmu mun kasa jure abin da muke ji.

Sai maganar harshe, wadda babu kwalejin da za ta koya miki. Littattafan da Turanci suke, marasa lafiyarki kuwa cewa za su yi gabana na faɗuwa, jikina ya mutu, ana danne ni in na kwanta, kaina ya yi min nauyi. Fyaɗe ba za ki ji shi da sunansa ba, sai dai "sun ɓata ni" ko "abin da ya faru ya faru", kuma ba za ki ji ko wannan ba matuƙar ƙanwar miji na zaune a ɗakin. Ki buɗe ɗan littafi ki riƙa rubuta kalmomin nan tun yanzu, zai fi miki satifiket ɗin WhatsApp amfani.

Kafin rasidansi ya samu ba zama za ki yi ba. WHO na da shirin mhGAP tun 2008 domin likitoci da nas-nas da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, da bugun 2015 na wuraren da rikici ya shafa, akwai jagorar taimakon farko ga wanda ya firgita ta 2011, akwai tsarin jinyar magana na PM+ mai zama 5 kacal da aka gwada a Feshawar ta Pakistan da Nairobi, duk kyauta suke a shafinsu. Ki sauke ki karanta, in an kira bitarsu ki sa sunanki. Matar nan kuma ki ciro foldarta ki duba lambar waya, in ta ɗauka kar ki ta da zancen daji ko kaɗan, ki ce likita ce ke gaishe ki, ya barci, ya yaro. In ta dawo ki fara da faɗa mata cewa ba haukacewa take ba, ciwo ne mai suna da magani, ki tambaye ta kai tsaye ko tana jin gara ta mutu, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sannan ki rubuta mata takardar zuwa Barnawa ki kuma yi wa wanda zai raka ta bayani ba tare da kin fallasa sirrinta ba. Ke ma da kika ce abin na cinki, ki samu abokan aiki biyu uku ku riƙa zama kuna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya muku a rai, irin zaman da Michael Balint ya fara da likitoci a Landan a shekarun 1950, aikin nan yana bin mutum har gado.

Hajiya kuma ki bi ta a hankali, iyayenmu abin da suka gani suke faɗa. Ki ba ta labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen ƙauyen Aro tare da danginsu, ya yi aiki da masu maganin gargajiya, daga baya ya zama mataimakin shugaban WHO. Ki faɗa mata ko dokar mahaukata ta 1958 an sauya ta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023. Ki kuma ƙirga mata, sace ɗaliban Afaka a 2021, harin jirgin ƙasan Abuja a Maris 2022, harin Tudun Biri a Disamba 2023, sace yaran Kuriga a Maris 2024, duk a jihar nan, alhali adadin likitocin ƙwaƙwalwa da ƙungiyarmu ke yawan faɗa a duk Najeriya bai kai 300 ba. In duk bai yi ba ki kai ƙara wurin kawunki.

TAMBAYA TA BIYU

Hajiya Likita barka da aiki. Ƙanena ne aka tare su a hanya, muka haɗa kuɗi aka sako shi, yau wata 5. Ba ya fita shago, da takalmi yake kwana, abu kaɗan ya hau faɗa da matarsa. Ana masa ruƙiyya amma shiru. Wurin wa za mu kai shi, kuma ya za mu gane wanda ya iya? Daga Rigasa.

AMSA

Malam sannunku da ɗawainiya, Allah ya mayar da alheri. Wata 5 ya wuce a ce a ƙara jira, mafi yawan mutane suna lafawa da kansu cikin makonnin farko, wanda ya haura wata ɗaya abin bai ragu ba shi ke buƙatar a duba shi. Addu'a ku ci gaba, ni ban taɓa hana kowa ba, abin da ban yarda da shi ba duka da ɗauri da turara masa hayaƙi, mutumin da ya sha ɗauri a daji a zo gida a sake ɗaure shi ai an ƙara masa ne. Ku kai shi asibitin da ke da sashen ƙwaƙwalwa. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke tantancewa ya rubuta magani in ana buƙata, saikolojis ba ya rubuta magani amma sau da yawa shi ke yin zaman jinyar, tare suke aiki. Duk wanda za ku je wurinsa ku tambaye shi wace hanya zai bi, zama nawa, a ina ya koya. Wanda ya iya ba ya jin haushin tambayar, wanda ya ce zama ɗaya zai goge masa komai ku ɗauki hularku. A gida kuma dan Allah a daina sa shi maimaita labarin wa duk wanda ya zo jaje, takalmin ma ku ƙyale masa tukuna. In ya fara zancen mutuwa, ko shaye-shaye, ko ya kai hannu jikin matarsa, ranar za ku tafi ba sai gobe ba.

TAMBAYA TA UKU

Anti ni ɗalibin likitanci ne aji 5 a Zariya. Ina sha'awar fannin nan amma inaga gara in fita waje in koyo, Ingila ko Jamus, wanne ya fi?

AMSA

Ɗana kowanne da tsarinsa. A Ingila shekara 3 za ka yi ta tushen likitancin ƙwaƙwalwa kana cin jarrabawar kwalejinsu ta MRCPsych, sannan ka ƙara 3 in saikoterafi ka zaɓa, kuma kai kanka sai ka zauna a kujerar mara lafiya an yi maka jinyar a matsayin wani ɓangare na horon. A Jamus akwai fanni guda mai zaman kansa na ciwon da ya haɗa jiki da rai tare da saikoterafi, shekara 5, amma ka tuna aikin baki ne gaba ɗaya, sai Jamusancinka ya kai ka gane abin da tsohuwa ke nufi in ta yi habaici. Kafin duk wannan sai ka gama, ka yi shekarar horon asibiti, ka samu cikakken lasisi. Ban hana ka tafiya ba, abokan karatuna da yawa suna can muna gaisawa. Amma na san halinku, in an tura ku koyon aiki a sashen ƙwaƙwalwa rabin aji ɓacewa suke wai hutu ya samu. Kai ka je kullum, ka roƙi saikolojis ya bar ka ka zauna a gefe in mara lafiya ya amince, ka riƙe biro ka ƙirga sau nawa bakinka ya yi ƙaiƙayin cewa "yi haƙuri". Ka turo min adadin.